Waƙoƙi 14 da suka yi shekara 33 a ajiye: lamarin wata mawaƙiya Bajamushiya

Matar da zan yi magana a kanta 'yar Jamus ta Yamma ce, daga yankin Stuttgart, tana kaɗa jita tana rera waƙoƙin da ita ta rubuta da kanta. Ta naɗe su a gida tsakanin 1970 da 1973, amma duniya ba ta ji su ba sai a 2006. Ba zan kama sunanta ba, saboda ita kanta tunda abin ya fito fili take ja da baya daga idon jama'a, kuma wanda ke son gano ta, abin da zan zayyana ya ishe shi. Matsala biyu ce a cikin lamarin, ɗaya tata ce ta cikin zuciya, ɗayar kuma ta waƙoƙin ce da suka rasa hanyar da za su kai ga kunnen mutane, kuma ba lokaci ɗaya aka warware su ba.

Yadda kasuwar waƙa take a Jamus ta Yamma wajen 1970

Dole a fara da wannan in ana so a gane sauran. A lokacin, wanda ke son cin abinci da waƙa a ƙasar kusan layi uku ne a gabansa. Akwai waƙoƙin da suke kira Schlager, na soyayya da nishaɗi masu saurin shiga kai, da Jamusanci, su ne ke da talabijin da rediyo, har gidan talabijin na ZDF ya buɗe musu shiri na musamman a 1969 wanda Dieter Thomas Heck ke gabatarwa. Sai masu jita da ake ce wa Liedermacher, irin su Franz Josef Degenhardt da Hannes Wader da Reinhard Mey, waɗanda da yawansu suka yi suna a bukukuwan waƙa na Burg Waldeck da aka riƙa yi daga 1964 zuwa 1969, su ma da Jamusanci suke yi kuma galibinsu akwai siyasa da sukar al'umma a bakinsu, don lokacin zanga-zangar ɗalibai ta 1968 ba ta gama hucewa ba. Na uku kuma samarin da ke gwaje-gwaje da kayan kiɗa na lantarki, ƙungiyoyi irin su Can a Cologne, su Kraftwerk da Neu a Düsseldorf.

Ita kuwa da Turancin Ingilishi take rerawa, muryarta ƙasa-ƙasa, jita ɗaya, kuma abin da take waƙa a kai bai wuce kicin da yara da gajiyar aiki da ƙuncin rai ba. Ta koyi jita da fiyano tun tana yarinya amma ba da niyyar sana'a ba.

Farkon abin: tafiyar Genoa

Gab da fara naɗin nan ta shiga wani hali na ƙunci mai nauyi, irin wanda mutum ke jin duniya ta ishe shi. Wata ƙawarta ta ga abin ba na bari ba ne, ta ɗauke ta a mota suka kama hanya, suka bi ta Strasbourg a bakin iyakar Faransa, suka haura tsaunukan Alps suka gangara har Genoa, garin tashar jiragen ruwa a arewacin Italiya. Da ta dawo gida ta zauna ta rubuta waƙarta ta farko, ta godiya ce a kan tana raye.

Waƙar tana nan, ita ce ta biyar a faifan da aka fitar a 2006. A cikinta tana ba da labarin wata rana cikin sanyin Fabrairu da ta fita sayo abinci kawai, zuciyarta na raya mata ko gara mutuwa, sai ga ta a kan hanyar Genoa, har ta tsaya gaban teku tana kallon ruwa. Ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya a ciki, kamar mai ba ƙawarta labari a ɗaki kar na waje ya ji.

Daga wannan waƙar sauran suka biyo.

1970 zuwa 1973: naɗi a gida

Ba ta je sitidiyo ba. Abin da ta yi amfani da shi rikoda ce ta gida irin ta da, kafin kaset ya mamaye ko'ina, mai kwarkwaro biyu a sama, tef na warwarowa daga ɗaya yana naɗewa a ɗayan. Faɗin irin wannan tef ɗin ya ɗan haura milimita 6, kuma injinan gida yawanci suna jan sa da gudun santimita 9.5 ko 19 a daƙiƙa, in ya fi gudu sauti ya fi fita tas amma tef ya fi saurin ƙarewa. Jamusawa sun saba da na'urar sosai don a wurinsu ta samo asali, kamfanin AEG ne ya nuna ta a baje kolin rediyo na Berlin a 1935, tef ɗin kuma daga masana'antar da aka sani da BASF a Ludwigshafen. To a 1970 samun irinta a gidan mai matsakaicin hali ba abin mamaki ba ne.

Tana da aure da yara ƙanana, mace da namiji, don haka lokacin da take samu shi ne dare in gida ya yi tsit. Wannan ya shiga cikin sautin kai tsaye, duk wanda ya sa abin ji a kunne zai gane, ana jin hucin tef ɗin siii a ƙarƙashin komai, ana jin yatsunta na sauya wuri a kan tsirkiyar jita, ana jin inda take jan numfashi kafin ta shiga baiti na gaba, kuma muryar ba ta taɓa wuce yadda mutum zai yi magana kusa da yaro mai barci. Turancin nata ma akwai harshen Jamus a ciki, wani lokaci ta jera kalmomi yadda Bature ɗan Ingila ba zai jera ba, kuma haka ta bar su.

Ni waƙar farko ta faifan ce ta kama ni tun ranar da na fara ji. Ta dawo daga aiki da daddare a gajiye, ranta a ɓace, ta shiga kicin sai ta tarar da wani namiji da waƙar ba ta faɗi sunansa ba zaune ba ta zata ba, yana shafa wa burodi bota, kyanwa na kan gwiwarsa, ya dube ta ya yi murmushi. Kusan iya labarin ke nan fa, amma wallahi duk wanda ya taɓa dawowa gida a karye ya tarar da wani na jiran sa ya san abin da ake faɗa. Ta huɗu kuma a kan 'ya'yanta ce. Akwai wadda ta ɗora a kan wani baiti na marubuci T. S. Eliot game da tsufa, akwai wadda ta yi wa abokinta Wim, akwai wadda take tuna mafarkin ƙuruciya, tana ganin kanta a New York sanye da suwaita koriya, daga nan ne ma faifan ya samo sunansa daga baya.

A tsawon shekara ukun nan ba ta fitar da ko waƙa ɗaya kasuwa ba, na gida da abokai ne ke ji.

1974 da 1975: ƙofar fim

Wannan Wim ɗin shi ne Wim Wenders, wanda a lokacin matashin darakta ne da bai kai ga sunan da ya yi daga baya ba. A fim ɗinsa na 1974, Alice in den Städten, labarin wani ɗan jarida da aka bar masa ƙaramar yarinya suna yawo cikin Jamus suna neman gidan kakarta, akwai wani ɗan gajeren wuri a kan jirgin fito inda wata mata ke tsaye tana rera waƙa a hankali. Ita ce, kuma waƙar nan ta 'ya'yanta take rerawa. Kiɗan fim ɗin gaba ɗaya kuwa Can ne suka yi. Shekara ɗaya bayan haka, a 1975, an sa kiɗanta a wani fim na darakta Jochen Richter.

Wato dai sau biyu muryarta ta kai gaban jama'a, ɗaya ma a fim ɗin da har yau ake kallo a makarantun koyon fim. Sakamakon: babu faifai, babu yawon wasa gari-gari, babu kwantiragi. Mai kallo ya ji waƙar na ɗan lokaci, fim ya wuce gaba, in ma ta burge shi ba shagon da zai je ya saya. Ita kuma ba ta bi abin ba, ta zaɓi renon 'ya'yanta a kan sana'ar waƙa ko ta fim.

Shekarun shiru

Daga baya iyalin suka tashi suka koma Amurka, tef ɗin ya bi su cikin kaya. Nan babu wani abin ba da labari sosai, an yi kusan shekara 30 ba abin da ya motsa. Sai dai a san cewa tef ba dutse ba ne. Danshi na sa shi funfuna, zafi na lanƙwasa shi, in ya daɗe a naɗe sautin wani zagaye na iya ɗan shiga na kusa da shi har a riƙa jin amsa-kuwwa, wasu nau'o'in kuma gam ɗin da ke riƙe da garin ƙarfen jikinsu yana narkewa ya yi danƙo, sai an gasa su a ɗan zafi kaɗan kafin a iya kunnawa. Ga kuma injin kunnawar kansa da ya riƙa ɓacewa daga gidaje, kaset ya kore shi, CD ya zo a 1982 ya kori kaset. Nata ya tsallake duk wannan, ya kai lokacin da za a iya kwafe shi.

Farkon shekarun 2000: kyautar cikin gida

Ɗanta namiji, wanda aka yi wa waƙa yana ƙarami, ya girma ya zama mawaƙi kuma mai aikin haɗa sauti, yana zaune a yammacin jihar Massachusetts. Shi ya ɗauko tef ɗin ya kwafe waƙoƙin ya jera su a CD, niyyarsa kawai ya raba wa dangi kyauta. A lokacin kwamfutar gida ta riga ta iya buga CD, don haka abin bai buƙaci kamfani ko jari ba.

Cikin waɗanda ya miƙa wa kwafi har da J Mascis, jagoran ƙungiyar kiɗa ta Dinosaur Jr, mutumin garin Amherst a jihar ta Massachusetts. Duk wanda ya san kiɗan Mascis ya san jitar lantarki ce mai ƙara kamar za ta tsaga bango, amma shi ne ya saurari wannan abu mai sanyi ya ga bai kamata ya tsaya a tsakanin dangi ba. Sai ya tura wa wani ɗan ƙaramin kamfanin faifai mai suna Orange Twin da ke garin Athens na jihar Georgia, ba Athens ta Girka ba. Kamfanin na mawaƙa ne da kansu, 'yan ƙungiyar Elf Power na cikin masu tafiyar da shi, kuma a 2001 sun riga sun fitar da wani naɗin mawaƙi Jeff Mangum da aka ɗauka a shagon shan kofi, wato kunnensu ya saba da sautin da ba a goge ba, masu sayen kayansu ma haka.

Hannu uku ke nan kacal tsakanin tef da kasuwa: ɗa, Mascis, Orange Twin.

Fabrairu 2006: fitowa

Faifan ya fito a watan Fabrairu 2006, waƙa 14, tsawonsa duka minti talatin da 'yan kai, yawancin waƙoƙin ba su kai minti 3 ba. Ba a kira ta ta sake rerawa ba, ba a ɗora ganga ko wata murya a kai ba, hucin tef ɗin ma an bar shi. Goma sha uku murya ce da jita zalla, ta ƙarshe ce kaɗai ke da rakiyar goge irin na Turawa.

Ga yadda kasuwa take a lokacin. A 1999 kamfanin Volkswagen ya sa waƙar Nick Drake, mawaƙi ɗan Ingila, a tallar mota a Amurka, mutumin da ya rasu tun 1974 ba tare da ya sayar da abin kirki ba, sai ga matasa na rububin faifansa. A 2000 aka sake fitar da faifan Vashti Bunyan na 1970, 'yar Birtaniya da ita ma ta bar waƙa ta koma rayuwar karkara da reno, ya karɓu har ta dawo ta yi na biyu a 2005, bayan shekara 35. Sababbin mawaƙa irin su Devendra Banhart da Joanna Newsom suna tashe wajen 2004 da kayan kiɗa marasa lantarki. A 2006 ɗin dai aka sake fitar da wani faifan mawaƙiyar Amurka Karen Dalton na 1971. Masu sauraro sun riga sun buɗe kunne suna jiran muryoyin da aka manta, masu sharhi kuma na neman na gaba.

Bambancin nata da waɗancan shi ne su an taɓa buga nasu ya ƙi sayuwa, nata ko bugawa ba a taɓa yi ba. Masu sharhi suka yaba, mutane suka riƙa tura wa juna, YouTube da aka buɗe a 2005 ya zo ya ƙara kai shi ƙasashen da CD ɗin bai taɓa zuwa ba, daga baya manhajojin sauraron waƙa suka ɗora.

2008 zuwa yau

Wenders ya dawo cikin labarin. Don fim ɗinsa na 2008 da ya ɗauka a Palermo ta Italiya, wanda aka nuna a bikin fina-finai na Cannes, ta rubuta ta rera sabuwar waƙa, shekara 34 bayan ta tsaya a jirgin fiton nan. Bayan wannan ba ta koma fage ba. Ɗan ne ke kula da hulɗa da masu sauraro, kuma ya taɓa bayyana cewa ita abin ma mamaki yake ba ta, ta fi son ta ji yabon daga bakin iyalinta, intanet juwa yake sa ta. Har yanzu faifai ɗaya ne ke ɗauke da sunanta.

Abin da na gani a lamarin

Matsalar farko, ta ƙuncin rai, a ganina tun a farkon shekarun 1970 aka samo bakin zarenta, kuma ƙawar nan ce ta fara, da ba ta tsaya wa'azi ko lallashi ba ta ce tashi mu tafi. Waƙar ta zo ta zama wurin sauke abin da ya rage. Shi ya sa nake ganin kuskure ne yadda wasu ke ba da labarin kamar an zalunce ta shekara 33, an danne mata basira. Ba wanda ya kore ta daga ƙofa, ita ce ba ta ƙwanƙwasa ba, don abin da ta nema a wurin waƙoƙin sun riga sun ba ta. Ina jin nauyin wannan sosai, domin mun saba auna mawaƙi da yawan jama'ar da ya tara, sai mu kasa ganin wanda ya yi don ya samu ya yi barci.

Ta biyu kuwa, me ya sa fim bai yi aiki ba amma kyautar CD ta yi? Fim ya kai ta gaban mutane da yawa fiye da dangin da aka raba wa CD, nesa ba kusa ba, sai dai ba abin da mai ji zai riƙe ya tafi da shi ya ba wani. CD kuwa abu ne da ke shiga aljihu, waƙa 14 a jere da ke nuna cewa wannan ba sa'a ce ta waƙa ɗaya ba, kuma ya faɗa hannun mutumin da in ya ce a saurara ana saurara. A 1974 ma ko da ta so, da wuya layukan nan uku su karɓe ta yadda take, mai Schlager zai ce ta koma Jamusanci ta ƙara armashi, mai siyasa zai ce ina saƙon, kuma duk kamfanin da ya ɗauke ta sai ya kai ta sitidiyo ya cika waƙoƙin da kayan kiɗa don su shiga rediyo. Turancin da zai zame mata cikas a gida a wancan lokacin shi ya buɗe mata Amurka da sauran duniya a 2006.

Akwai sa'a a ciki, ban musa ba, ɗa ya zama mai haɗa sauti kuma yana zaune jiha ɗaya da Mascis, ba kowa ke samun wannan ba. Amma sa'ar ba ta da abin kamawa in da an zubar da tef ɗin ranar da ake ɗaure kaya za a ƙetare teku. Irin haka ta faru kusa da mu ma, Mamman Sani na Yamai ya naɗi kiɗansa na ogan, wani abin kiɗa na lantarki mai kama da fiyano, a 1978, kaset kaɗan aka yi, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya fitar da shi duniya ta ji, shi ma don kwafi ya tsira ne.

Shawarar da ta fi kowace muhimmanci a wurina ita ce ta barin sautin yadda yake. Ɗan yana da kayan aiki da ƙwarewar da zai iya wanke hucin nan, ya ɗora bes da ganga, ko ya zaunar da mahaifiyarsa gaban makirfo mai tsada ta sake yi da muryar girma, kuma da yawa a matsayinsa haka za su yi da sunan gyara. Da an yi haka da an rasa daren, da an rasa kicin ɗin da yaran da ke barci a ɗaki na kusa, waɗanda su ne suka sa ta rage murya tun farko. Waƙa ta 14 mai goge tana nuna yadda abin zai iya kasancewa, tana da daɗi, ina sauraron ta, amma in na kai ƙarshenta komawa nake yi ta farko, wurin burodi da bota da kyanwa.